Wokar Hajiya mai taya huɗu: naɗewa, birki, da maganar tura mutum a kai

Maman Ihsan:
Salam 'yan gurup, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yayanmu ya dawo daga Umara ya zo wa Hajiyarmu da woka, abin dogarawa a yi tafiya, irin mai taya huɗu ɗin nan, mai kujera a tsakiya da ɗan kwando a ƙasa, ga hannuwa biyu da birki. Ciwon gwiwa ke damunta, tana tafiya da ƙafarta amma in ta ɗan yi nisa sai ta nemi bango ko kafaɗar mutum. Toh matsalar ba mu san yadda ake naɗe ta a sa a but ba, kuma birkin in an matsa yana kamawa, da an saki sai ta ci gaba da gangarawa. Sannan ranar Asabar akwai bikin jikarta, daga wurin ajiye motoci zuwa ɗakin taron da ɗan nisa, shi ne nake tunanin ta zauna a kujerar kawai mu tura ta. Ya halatta?

Ɗan Fagge:
Wslm. Ku tura ta kawai, ai don haka aka yi mata kujera da taya. Mu tamu haka muke yi wa Baba in za a je asibiti, ba abin da ya taɓa faruwa.

Anti Fisiyo:
Wa alaikumussalam. Ɗan Fagge dan girman Allah ka janye wannan maganar, kuma ku ma ku daina yi wa Baba haka. Maman Ihsan kar ku tura Hajiya a kanta ko taku goma ne. Kujerar nan ta hutawa ce, mutum ya yi tafiya ya gaji ya kulle birki ya zauna ya maida numfashi ya tashi. Ki duba jikin ƙarfen ko ƙasan kujerar, mafi yawansu akwai takarda manne da ta hana hakan, har da zanen mutum ana tura shi an ja masa layi.

Ɗan Fagge:
Anti ni fa ba gardama nake ba, amma ai Turawa komai sai sun rubuta gargaɗi don kar a kai su kotu. Taya huɗu, ƙarfe mai ƙwari, Baba bai kai kilo 70 ba. Ta ina za ta kife?

Anti Fisiyo:
Bari na nuna maka ta ina. In mutum ya zauna a woka, bayansa ne ke kallon gaba, fuskarsa na kallon mai turawa, wato da baya yake tafiya bai ga hanya ba. Ƙananan tayoyin gaba masu juyawar nan suna daidai ƙarƙashin bayansa. Da sun ci karo da dokin ƙofa ko tsagar siminti ko ɗan dutse sai su tsaya cak, mai turawa kuma bai tsaya ba, nauyin mutum yana sama, sai duk abin ya tuntsura ta baya. Abin da zai fara taɓa ƙasa ƙeya ce. Ba shi da abin kamawa, ba wurin ɗora ƙafa, ƙafafun suna jan ƙasa. Shi keken marasa lafiya na gaskiya mutum gaba yake kallo, manyan tayoyin suna baya inda nauyi yake, ga wurin ƙafa, ga jingina mai tsawo. Ƙirar ce daban, ba maganar ƙwarin ƙarfe ba ce.

Uwar Biyu:
Wlh gaskiya Anti ta faɗa. Gwaggona a gidan suna aka yi haka, wata jikarta 'yar shekara goma sha ce ke tura ta cikin jin daɗi, a bakin zaure akwai ɗan tudun nan da ake yi don ruwan sama kar ya shigo, ko tsayin yatsa biyu bai kai ba. Nan taya ta maƙale. Ni ina tsaye da kwanon masa a hannu na ji ƙarar kanta a siminti, har yau in na tuna jikina sanyi yake. Allah ya taƙaita, ɗinki aka yi mata, amma tun daga ranar ta tsorata da abin gaba ɗaya ta koma zaman ɗaki, ƙafar da take ɗan motsawa ma ta ƙara sandarewa. Wannan ɗin ya fi ɗinkin yi mana ciwo.

Maman Ihsan:
Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya. Toh na fasa wlh. Amma ya zan yi da nisan?

Anti Fisiyo:
Mota ta sauke ta a bakin ƙofa sannan a je a ajiye. In ba hali ku aro keken marasa lafiya na ranar. Ko kuma ta taka da wokar a hankali, in ta gaji ta zauna ta huta ta ƙara gaba, ai ba wanda zai fara biki ba kakar amarya. Akwai wata iri da aka ƙera ta yi aiki biyu, za ki gane ta da wurin ɗora ƙafa, kuma jinginar tana juyawa ɗaya ɓangaren yadda mutum zai kalli gaba. In taku ba ta da wurin ƙafa to ba ita ba ce.

Yanzu maganar birki, don ita ce uwa-uba. Ƙarƙashin kowane mariƙi akwai hannun birki. In kika matso shi sama, rage gudu ne, da kin saki ya saki, abin da kika gani kenan. In kina so ya kulle, ƙasa za ki danna shi da tafin hannu har ki ji ya ce ƙas. Duka biyun, hagu da dama. In ɗaya kaɗai aka kulle wokar juyawa za ta yi ta zame daga ƙarƙashin mutum. Buɗewa kuma ki ja shi sama ya sake cewa ƙas. Ki gwada yanzu ki gaya min.

Maman Ihsan:
Laa ilaha illallah ya yi! Na dama ya ce ƙas ya kama gam. Na hagun ma ya yi ƙarar amma da na tura sai na ga tayar tana ɗan juyawa kaɗan kaɗan.

Mai Faci:
Hajiya wannan aikinmu ne. Wayar birkin ce ta saki, irin ta keke ce sak, sabuwa ma takan zo a haka ko ta miƙe bayan an ɗan yi amfani da ita. Ki bi wayar da ido daga hannu har ƙasa wajen tayar baya, za ki ga wani ɗan dogon noti da wayar ta ratsa ta cikinsa da wani siririn noti a gindinsa. Ana sassauta siririn, a warware dogon ya fito waje kaɗan, wayar ta ɗaure, sai a maida siririn a matse. A riƙa yi kaɗan kaɗan ana gwadawa, in aka zarce ƙarfen birkin zai riƙa gogar taya ko ba a matsa ba, tsohuwa ta yi ta fama da turi. In ba ki iya ba kowane mai gyaran keke na bakin titi zai yi miki cikin minti biyar. Abu ɗaya, kar ki bari a zuba baƙin mai ko giris a kan robar tayar ko ƙarfen da ke danne ta, wasu yaran shago da sun ji ƙara sai mai. Mai a wurin nan ya kashe birki kenan.

Gwajin da nake yi: a kulle duka biyun a tura da ƙarfi. Tayoyin baya su ja ƙasa kiii, kar su mirgina. In sun mirgina ba a gama ba.

Anti Fisiyo:
Madalla Malam, ka hutar da ni. Kuma kar Hajiya ta zauna a kai sai an gyara na hagun nan.

Baban Walid:
Ni tambayata naɗewa ce ita ma, tamu ta gwanjo ce ba takarda. Kullum a buɗe muke cusa ta a adaidaita, direbobi har ƙorafi suke.

Kano-Manchesta:
Ina aikin kula da tsofaffi a Ingila, kullum da su muke wuni. Iri biyu ne galibi. Akwai wadda kujerarta yadi ce ko raga, da wata igiya ko ɗan mariƙi a tsakiyar kujerar, ita wannan sama za ka ja igiyar sai hagu da dama su haɗe ta zama siririya, kuma tana iya tsayuwa da kanta. Akwai kuma mai kujera mai tauri da soso, ita sai ka ɗaga kujerar, ka cire kwandon in na ƙarfe ne, za ka ga igiya ko sandar ƙarfe a gicciye a ƙasa, ka ja sama sai ƙafafun gaba da na baya su haɗe. Ka kulle birki kafin ka fara don kar ta gudu ta buge maka ƙauri. Kuma ka kula da yatsu wajen da ƙarafan ke gittawa, yana datsewa sosai, yara su matsa. In ka naɗe ka ɗaure ta da igiya ko maɗaurin da ta zo da shi, in ba haka ba tana buɗewa a hannunka lokacin da kake ɗagawa. Wajen sawa a but kar a ɗora buhu ko akwati a kan wayoyin birki.

Amma ni buɗewar ta fi ba ni tsoro. Mutane suna buɗewa rabi su ga ta tsaya da ƙafafunta su ɗauka shikenan. Mai haɗewa ta gefe sai ka danna gefunan kujerar biyu ƙasa da tafin hannu har ta shiga mazauninta, yawanci za ka ji ƙara. Ɗayar kuma ka tabbata kujerar ta kwanta daidai a kan sandarta. Kafin tsoho ya taɓa, kai ka fara dannawa da nauyinka. In ba ta gama buɗewa ba mutum na zama za ta haɗe da shi a ciki.

Baban Walid:
Ta biyun ce tamu, na ɗaga kujerar ga igiyar nan baƙa a ƙasa. Na gode ƙwarai ɗan uwa.

'Yar Damagaram:
Sannunku. Ni abin da nike so a faɗa ma mutane shi ne ba kowane gida abin nan ke aiki ba. Mu nan tsakar gidanmu rairayi ne, ƙanena ya aiko ma tsohuwa da mai ƙananan taya, ko taku biyar ba ta yi sai ta nutse, tsohuwa ta tura da ƙarfi gaban ya cije ita kuma jikinta ya tafi gaba. Kine ɗin, wato mai gashin ƙashi, da ke zuwa gida ya ce a ajiye ta sai in za a je likita inda akwai siminti. Kuɗi sun tafi a banza kusan.

Anti Fisiyo:
Gaskiya ne 'yar uwa. Masu taya inci 6 na cikin ɗaki ne da tayil da siminti mai santsi. Waje sai inci 8 zuwa sama, su ma ɗin a yashi mai zurfi ko taɓon damina wahala ce. Wasu gidajen abin da suke yi shi ne a zuba siririyar hanyar siminti daga ƙofar ɗakin tsohuwa zuwa banɗaki da wurin alwala, faɗin da wokar za ta wuce. Wannan ya fi a sake sayen wata.

Tunda an zo nan bari na faɗi abin da ke ci min rai a wurin aiki. 'Ya'ya suna son iyayensu, sai su sayo mafi tsada mafi kyan gani, a ganinsu mai taya huɗu da kujera ita ce ƙarshe. Alhali ita ta wanda ƙafafunsa ke ɗaukar nauyinsa ce, abin da yake nema ɗan daidaito da wurin hutawa, kamar yadda Maman Ihsan ta kwatanta Hajiya. Wanda aka yi wa aikin ƙugu ko ya karye aka ce kar ya taka ƙafar sosai, in ya jingina nauyinsa a mai taya huɗu guduwa za ta yi ta bar shi. Shi mara taya ko mai taya biyu a gaba ake ba shi. Mai shanyewar ɓarin jiki da hannu ɗaya ke aiki, birki ɗaya zai matsa ta juya da shi. Mai cutar makyarkyata da tafiya ke kwasarsa da sauri sauri shi ma sai an duba, akwai wadda ake musu da birkinta a kame yake sai an matsa take tafiya. Wanda mantuwa ta kama ba zai tuna kulle birki ba. Dan Allah kafin a saya a kai mutum sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, a auna shi, a Kano akwai a asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, sauran jihohi ma manyan asibitoci suna da shi.

Alhaji Na Sabon Gari:
Ni shekarata 71 kuma da ita nake zuwa masallaci, bari in sa baki. Duk wannan bayani da kuke yi, ku sani mu abin da ke hana mu riƙe ta kunya ce. Mutum ya saba shi ke gaba a unguwa yau a gan shi yana tura keke. Na daɗe ina ƙi. Abin da ya sa na karɓa shi ne na ga jam'i yana wuce ni, asuba da isha duk a gida. Yanzu ina fita, in na gaji a bakin shagon mai shayi na kulle na zauna mu gaisa da mutane. A masallaci ina ajiye ta a ƙarshen sahu jikin bango. Ku daina yi wa iyayenku faɗa a kai, ku nuna musu inda za ta kai su.

Maman Ihsan:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba. Wannan maganar zan karanta wa Hajiya ita, don ita ma cewa take wai sai ka ce gurguwa.

Kano-Manchesta:
Ki gaya mata wadda ta ƙirƙiro abin ma mace ce mai lalurar ƙafa, Aina Wifalk 'yar ƙasar Suwidin. Shan inna ya kama ta tana 'yar shekara 21, ta yi shekaru tana dogara sanduna biyu har kafaɗunta suka lalace, shi ne a 1978 ta fito da wannan ƙirar mai taya da birki da wurin zama. Kuma ba ta yi rajistar mallakar ƙirar ba don kowa ya samu. Nan tsofaffi da ita suke zuwa kasuwa su shiga bas, ba mai kallonsu.

Ɗan Fagge:
Toh na ji maganar turawa, za mu nemo wa Baba keke. Amma gsky ni ina ganin ana tsorata mutane da yawa. Abin da aka yi don ya hana faɗuwa kuma a ce shi ke kayarwa?

Anti Fisiyo:
Yana hanawa in an yi daidai, yana kayarwa in an yi ba daidai ba. A Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta duba alƙaluman 2001 zuwa 2006, ta ga kusan tsofaffi 47,000 ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda faɗuwa da ta shafi woka ko sanda, kuma kashi 87 cikin ɗari woka ce. Can kenan da gidajensu ba kwata a tsakar gida ba dokin ƙofa mai tudu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 a shekara, mafi yawa a ƙasashe irin namu, kuma 'yan sama da shekara 60 abin ya fi shafa. Ni abin da nake gani da idona, tsohon da ya karye a ƙugu da yawa ba sa komawa yadda suke.

Ana yawan faɗuwa kuma wajen tashi da zama. Mutum na kan gado ko kujera sai ya kamo hannuwan wokar ya ja don ya miƙe, ita kuma ba ta da nauyi sai ta taho masa. Yadda ake yi: a kawo ta gabansa a kulle, ya matso bakin kujera, ƙafafu a ƙasa sosai, ya dafa hannun kujerar ko katifar ya tura kansa sama, sai ya miƙe sannan ya kama wokar, ya ɗan tsaya jiri ya wuce, sannan a buɗe birki. Zama a kan kujerar wokar kuma: wuri mai lebur, in da bango a jingina gabanta da shi, a kulle biyun, a juya a hankali da ƙananan taku ana dafe da ita, sai an ji kujerar ta taɓa bayan cinya sannan a zauna. Ba a zama a gangare ko an kulle.

Uwar Biyu:
Anti tsayin hannun fa? Na ga wasu tsofaffin sun duƙa sosai wokar tana can gaba suna bin ta.

Anti Fisiyo:
Wannan duƙawar ita ce alamar an yi kuskure biyu, ko hannun ya yi ƙasa ko an tura ta nesa. Mutum ya tsaya da takalmin da ya saba sawa ya saki hannuwansa, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu inda ake ɗaura agogo. In ya kama, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa kaɗan. A ƙirga ramukan don hagu da dama su zo ɗaya, a matse abin ɗaurin sosai. Tafiya kuma a cikinta ake yi, ƙafafu tsakanin tayoyin baya, ido na gaba. Gangare a riƙa matsa birki kaɗan kaɗan. Matakala kam babu, ko hawa biyu ne wani ya ɗauke ta wani ya riƙe mutum.

Maman Ihsan abin da zai shafe ku ranar biki: zani da hijabi ko mayafi mai jan ƙasa, taya na kama su. A ɗan ɗage zanin zuwa idon sawu. Silifas mai santsi a bar shi, takalmi mai rufe dunduniya ya fi. Jakar hannunta a kwando, kar a rataye a mariƙi ɗaya yana karkatar da ita. A gida kuma tabarma da darduma da ledar ɗaki da bakinta ya tashi da wayar caji duk a kawar daga hanyarta, da ruwan buta a kan tayil. Dare a bar fitila mai caji a hanyar banɗaki saboda ɗauke wuta.

Mai Faci:
A ƙara da duba tayoyin gaba, zare da gashi suna naɗewa a gindinsu su hana su juyawa, da reza ko allura ake cirewa. Lokacin hunturu ƙura ma na cikawa, a goge da tsumma. In ta gwanjo ce a duba robar tayar baya, in ta cinye ta yi sumul birki ba zai kama ba ko an ɗaure waya.

Baban Walid:
Maganar nauyi fa? Mahaifiyata tana da jiki sosai.

Kano-Manchesta:
Duba takardar da ke manne a ƙarfen, yawancin na gama-gari kilo 136 ake rubutawa, wasu ƙasa da haka. Akwai masu faɗi na masu jiki da suka fi ɗauka. Ba nauyin kaɗai ba, ka auna faɗin kujerar, in ƙugunta na matsewa tsakanin hannuwan tashi zai yi mata wuya. Sannan ka auna ƙofar banɗakinku kafin ka sayi mai faɗin, ƙofofin banɗakinmu na gida ƙanana ne.

Baban Walid:
Takardar tamu ta goge ba a ganin komai.

Anti Fisiyo:
To kar ta zauna a kai tukuna. Ka ɗauko hoton wokar gaba da gefe da ƙasan kujerar ka turo nan, wataƙila a gane irinta. In za ku je asibiti ku tafi da ita a auna Mama a duba su tare.